Dr. Dre: kunnensa ne ya yi masa arziki, ko takarda?

Sadik Mai Kiɗa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ɗacin rai na shigo. Wata huɗu da suka wuce wani mawaƙi, ba zan kama suna ba, ya zo situdiyona. Kwana biyu na yi ina haɗa masa kiɗa, ya ba ni naira 25,000, muka rabu lafiya. Yanzu babu gidan bikin da ba a saka waƙar, amma ko a ƙasan bidiyon ba a rubuta sunana ba. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya biya ni, me kuma nake nema. Cikin wannan takaicin na zauna ina bibiyar tarihin Dr. Dre. Shi ma fa mai haɗa kiɗa ne kamar ni, amma a 2014 Apple ta sayi kamfaninsu na hedifon, Beats, a kan dala biliyan 3. Don Allah me mutumin nan ya sani wanda mu ba mu sani ba? Iya kiɗa ne kawai ya kai shi can?

Baba Lawal Kaset:
Wa alaikumus salam. Sannu Sadik, Allah ya huci zuciyarka. Amma ɗana, ka fara karatun daga ƙarshe. Ka ga biliyan 3, ba ka ga sau nawa aka yi masa irin abin da aka yi maka ba.

Ni na sayar da kaset ɗin mutumin nan da hannuna, lokacin da samari ke zuwa shagona suna tambayar "na baƙaƙen Amurka masu zagi". Sunansa na yanka Andre Young, an haife shi ranar 18 ga Fabrairu 1965 a Compton, wani gari da ke jikin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Bai fara da haɗa kiɗa ba, da juya faifai ya fara a wani gidan rawa mai suna Eve After Dark. Daga nan ya shiga ƙungiyar World Class Wreckin' Cru, masu saka kaya masu ƙyalli. Hotunan wancan lokacin da su abokan gabarsa suka riƙa yi masa gori daga baya.

Sai ya haɗu da Eazy-E, wanda ya kafa kamfanin Ruthless Records da wani Bature manaja, Jerry Heller. Suka yi N.W.A, su da Ice Cube da MC Ren da DJ Yella. Kundinsu Straight Outta Compton ya tayar da ƙura har hukumar FBI ta aika wa kamfanin da ke rarraba faifan wasiƙa a 1989 saboda waƙar da suka caccaki 'yan sanda. Gidajen rediyo ba sa sakawa, amma faifan ya sayu fiye da miliyan. To wa ya ci kuɗin? Ice Cube ne ya fara yin lissafi, ya ga abin da ke shigo masa bai yi kama da abin da ake sayarwa ba, ya kama gabansa a 1989. Dre sai 1991 ya farka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a kanka aka fara ba.

Sadik Mai Kiɗa:
Ikon Allah. Baba, to da ya fita ai shi ke nan ya tsira ko?

Baba Lawal Kaset:
Ina fa! Ya fita, amma sa hannunsa na nan a takardar Ruthless. Kafin kamfanin Interscope ya yarda ya ɗauki aikinsa sai da aka sasanta cewa Ruthless za ta riƙa samun kaso daga abin da Dre ya yi a sabon gidansa. Ka ji abin dariya: Dre ya yi waƙa yana zagin Eazy-E, waƙar ta sayu, Eazy-E yana karɓar rabonsa daga cikin kuɗin zagin nasa. Shi da kansa ya riƙa yi masa dariya a kan haka kafin ya rasu a watan Maris na 1995.

Sabon gidan kuma shi ne Death Row, shi da Suge Knight. Nan ya fitar da The Chronic a Disambar 1992, nan ya haɗa wa Snoop Dogg kundinsa na farko a 1993, wanda ya sayar da sama da kwafi 800,000 a makon farko. Nan ya yi wa Tupac kiɗan California Love. Sai gidan ya koma fagen daba, duka da barazana da bindiga. A 1996 ya tattara ya fita, ya bar rabonsa na kamfanin, ya bar asalin naɗin waƙoƙinsa a hannunsu. Karo na biyu ke nan yana barin gonar da ya nome.

Injiniya Musa:
Baba Lawal ya kawo tarihi, Allah ya ƙara girma. Ni bari in yi magana a kan sana'ar kanta, tunda Sadik ya tambaya ko iya kiɗa ne.

Kafin The Chronic, yawancin gambarar da ake yi a New York yanka-yanka ce. A yanko ganga daga tsohon faifai, a yanko busa daga wani, a jera su a na'ura, sauti ya fito da ƙura-ƙura da hayaniya. Dre ya bi wata hanya. Ya ɗauko salon su George Clinton da ƙungiyarsa Parliament-Funkadelic na shekarun 1970, ya rage masa sauri, ya ƙara nauyin bes, wato sautin nan mai kauri, ya ɗora wata siririyar busa ta na'urar Moog a sama. Shi ake kira G-funk. Babban abin kuma, sau da yawa maimakon ya yanko daga tsohon faifan, sai ya kira makaɗa su sake kaɗa wurin da hannunsu a situdiyo. Amfanin biyu ne. Na ɗaya, sautin na fita tas, kana iya ɗaga bes ba tare da ka ɗaga ƙurar tsohon faifai ba. Na biyu, kuɗi. A Disambar 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a shari'ar Biz Markie cewa yankar waƙar wani ba izini sata ce. Daga ranar yanka ya zama abu mai tsada. In ka sake kaɗawa da kanka, wanda ya ƙirƙiri waƙar kaɗai za ka biya, ba ruwanka da kamfanin da ya mallaki tsohon naɗin.

Ka saka 2001, kundinsa na 1999, a kowace irin lasifika, ta mota ko ta shago. Kowane abu yana wurinsa, ganga ba ta danne murya, bes ba ya cinye piyano. Har yau mu masu gyaran sauti da shi muke gwada lasifika in mun kafa ta a fili.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, ka yi haƙuri zan shiga maganarka. Ka ce "ya kira makaɗa". To ni nan ne nake da ja. Piyanon Still D.R.E. da kowa ke saka wa a waya, Scott Storch ne ya kaɗa shi. Baitocin waƙar Jay-Z ne ya rubuta. Kiɗan In da Club na 50 Cent shi da Mike Elizondo suka yi. Kundin 2001 kusan gaba ɗaya akwai hannun Mel-Man. Tun zamanin Ruthless kuma The D.O.C. ne ke rubuta masa abin da zai faɗa. To in wani ya kaɗa, wani ya rubuta, shi me ya yi? Ashe ba shi ne gardin ba, su Storch su ne kurayen?

Injiniya Musa:
Ɗan'uwa, magini nawa ka sani da ke buga bulo da hannunsa? Amma in gini ya rushe wa ake nema? Storch zai zauna ya yi ta kaɗe-kaɗe iri-iri, wani ne zai ce tsaya, wannan ɗin, maimaita shi, cire sauran. Wani ne zai sa mawaƙi ya maimaita baiti ɗaya har sai ya gaji, don kalma ɗaya ba ta zauna a kan ganga ba. Duk waɗanda suka yi aiki da shi abin da suke faɗa ke nan. Wannan zaɓen shi ne aikin. Kuma Storch da Elizondo da Jay-Z an rubuta sunansu a cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙoƙin, suna da kasonsu. Ba irin ta Sadik aka yi musu ba.

Ɗan Damagaram:
Ba duka ba. Akwai waɗanda suka yi aiki a Death Row, irin su Daz Dillinger, da suka sha fitowa suna cewa sun haɗa kiɗa an rubuta sunan Dre. Na yarda yana da kunne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da shi kamar shi kaɗai ya ɗauki jinkar.

Hajiya Rabi:
Ɗan Damagaram ya tuna min da wani abu da zai ba ku dariya, ku masu son fim ɗin Indiya. A 2002 kamfanin Dre, Aftermath, ya fitar da waƙar wata mawaƙiya Truth Hurts mai suna Addictive. DJ Quik ne ya haɗa kiɗan. Sai ga muryar Lata Mangeshkar tana yawo a cikin waƙar tun daga farko har ƙarshe, an ɗauko daga wata tsohuwar waƙar fim da Bappi Lahiri ya tsara, babu izini babu sallama. Sun ɗauka Indiya nisa gare ta, ba mai ji. Bappi Lahiri ya maka su a kotu a Amurka, alƙali ya ce a dakatar da sayarwa sai an saka sunansa. Kamfanin Saregama mai naɗin kuma ya nemi diyyar dala miliyan 500. Da a nan ne suka tambayi kowace uwar gida, da ta faɗa musu muryar wace ce.

Malam Nasiru:
Ni dai ina mamakin yadda za a ɓata lokaci a kan mutumin da ya yi suna da waƙar tabar wiwi da zagin mata. Sunan kundin nasa ma na 1992 ai sunan wiwi ne. Wannan ne abin koyi?

Mai Kula da Zaure:
Malam Nasiru, an ji ra'ayinka kuma yana da wurin zama. Amma zauren nan na masu sana'ar sauti ne da masu sha'awarta, kuma tambayar Sadik a kan haƙƙinsa ce. Ba wanda ya ce a kwaikwayi bakin mutumin. A ci gaba, a kiyaye harshe.

Barista Maryam:
Mai Kula, ka bar Malam Nasiru, rabin maganarsa tawa ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun yi ta lissafa kundi da miliyoyi, ba wanda ya ambaci Dee Barnes.

Dee Barnes 'yar jarida ce mai gabatar da shirin gambara a talabijin. A watan Janairun 1991, a wajen wani biki a Hollywood, Dre ya kama ta da duka a gaban mutane saboda bai ji daɗin yadda aka nuna ƙungiyarsu a shirinta ba. Da aka je kotu bai musa tuhumar ba. Aka ci shi tarar dala 2,500, aka ɗora masa awa 240 na aikin al'umma da shekara biyu ana sa masa ido ba tare da ɗauri ba. Michel'le, mawaƙiyar da ta haifa masa ɗa, ita ma ta sha faɗa a fili cewa ya riƙa dukanta. Da aka yi fim ɗin tarihin N.W.A a 2015, wanda shi yana cikin masu shirya shi, ko alamar wannan ba a nuna ba. Sai da surutu ya yi yawa ya fitar da sanarwar neman afuwa ta jaridar New York Times a watan Agustan shekarar. Shekara 24 bayan abin, kuma a lokacin yana ma'aikacin Apple, akwai sunan kamfani da za a kare. A 2023 masu ba da kyautar Grammy suka ƙirƙiro wata lambar girmamawa suka saka mata sunansa. Dee Barnes ta fito ta ce ba ta ji daɗi ba. Ita aikinta a wannan harka bai sake komawa yadda yake ba.

Ba ina cewa kada a koyi sana'a a wurinsa ba. Ina cewa in za a ba da labarin mutum a ba da shi da ƙashinsa.

Baba Lawal Kaset:
Barista, gaskiyarki. Ni ma na sani na tsallake, ban kyauta ba.

Abba Jos:
Anti Barista, amma ai ya nemi gafara, kuma ya yi alheri da yawa. Shi da Jimmy Iovine, shugaban Interscope na lokacin, sun ba Jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 70 a 2013 aka buɗe makaranta da sunansu. A 2017 ya yi alkawarin miliyan 10 don gina zauren wasanni a makarantar sakandaren Compton. Mutum ba ya canzawa ne?

Barista Maryam:
Yana canzawa, ƙanena. Amma yafiya ta wanda aka daka ce, ba ta mai kallo ba, ba kuma ta jami'ar da ta karɓi cek ba. Mu bar shi a nan. Bari in koma kan tambayar Sadik, tunda nan ne fagena.

Sadik, kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato karin da baitocin. Akwai haƙƙin naɗi, wato wannan sautin da aka ɗauka a situdiyo. Kai da ka haɗa kiɗan kana da hannu a na farko tun daga ranar da ka ƙirƙire shi. A Amurka mai haɗa kiɗa yana karɓar kuɗin hannu, sannan yana da ɗan kaso cikin ɗari na cinikin naɗin, sannan yana da rabonsa na ƙirƙira. Uku ke nan. Kai ɗaya ka karɓa ka ɗauka shi ke nan.

Abin da Dre ya gane bayan ya sha wuya sau biyu shi ne, wanda ya mallaki kamfanin shi ke zaune a bakin rijiya. Da ya bar Death Row a 1996 bai nemi wani ubangida ba, ya kafa Aftermath a ƙarƙashin inuwar Interscope. Farkon bai yi daɗi ba. Kundin haɗaka da ya fara fitarwa da na ƙungiyar The Firm a 1997 ba su yi armashin da aka zata ba, har aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Sai Jimmy Iovine ya kunna masa kaset ɗin wani farin yaro daga Detroit. Mutane da yawa a kusa da shi ba su so ya ɗauki Bature ba, ya ɗauka a 1998. Eminem ke nan. Kundinsa na 2000 ya sayar da kwafi miliyan 1.76 a mako guda a Amurka. Bayansa 50 Cent a 2003, bayansa Kendrick Lamar a 2012, ɗan Compton kamar shi. Duk waɗannan, ko Dre ya taɓa na'ura ko bai taɓa ba, tambarin Aftermath na jikin faifan. Shi kansa kundi uku kacal ya yi na ƙashin kansa a 1992 da 1999 da 2015. Kundin Detox da aka yi shekara fiye da goma ana jira bai taɓa fitowa ba. Mutumin da ke cin abinci daga waƙar bakinsa kaɗai ba zai iya wannan jan aji ba.

Sadik Mai Kiɗa:
Anti, wallahi jikina ya yi sanyi. Wato ni ko takarda ban rubuta ba. To maganar hedifon ɗin fa? Nan ne fa biliyoyin suke.

Injiniya Musa:
Hedifon ɗin nan kada ku sa in fara. Na buɗe shi na gani da idona. Bes ne aka cika masa har ya rufe tsakiyar sauti. Da wannan kuɗin za ka sayi na Sennheiser ko Sony da ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba. Ba mai gyaran sauti da zai tace waƙa da Beats na farko. Abin ya ba ni haushi musamman da yake sunan mutumin da ya fi kowa tsaftar sauti ne a jiki.

Hajiya Rabi:
Injiniya, kai kana sayen sauti, yara suna sayen kwalliya. Ni 'yar kasuwa ce, bari in faɗa maka abin da na gani. Lokacin kowa na yawo da ɗan farin iyafis da Apple ke bayarwa kyauta a cikin kwalin iPod. Ba wanda ya ɗauka saurayi zai cire kusan dala 350 ya sayi abin toshe kunne. Labarin da su biyun ke bayarwa shi ne, an kawo wa Dre tayin tallar takalmi, Iovine ya ce masa ina kai ina takalmi, ka sayar da abin da aka san ka da shi. Suka kafa Beats a 2006, kayan farko ya fito a 2008.

Dubi yadda suka tallata. Lokacin Iovine shi ne shugaban Interscope, saboda haka duk bidiyon mawaƙin kamfanin sai ka ga jan harafin b a kunnen wani. Suka ba LeBron James, sai ga 'yan ƙwallon kwandon Amurka sun sauka a Beijing wajen gasar Olamfik ta 2008 da shi a wuya. A gasar Landan ta 2012 suka riƙa raba wa 'yan wasa kyauta alhali ba su biya kuɗin ɗaukar nauyin gasar ba. A gasar cin kofin duniya ta Birazil a 2014 sai da FIFA ta hana 'yan wasa saka shi a filin wasa saboda Sony ce ta biya. Hanin ma ya zama talla. Ba lasifika suka sayar ba, sun sayar da cewa kunnen Dre ya amince da wannan. Shekara ashirin yana tara wannan amanar, ranar da ya kai ta kasuwa ta yi tsada.

Ɗan Damagaram:
To kun gani. Iovine ne ya kawo Eminem, Iovine ne ya kawo shawarar hedifon, Iovine ne ya san mutanen Apple tun zamanin Steve Jobs. Ni a ganina amsar tambayar Sadik ita ce: ka samu Iovine ɗinka.

Baba Lawal Kaset:
Iovine yana da mawaƙa ɗari a hannunsa, me ya sa bai saka sunan wani a hedifon ɗin ba? Kuma kada ka manta shi ma yaron situdiyo ne, da gyaran sauti ya fara, ya yi wa John Lennon da Bruce Springsteen aiki. Kunne ne ya gane kunne. Da The Chronic ta zo hannunsa wasu kamfanoni sun riga sun ƙi ta.

Barista Maryam:
Ku tsaya, akwai mutum na uku da ba ku ambata ba, kuma labarinsa ya fi kama da na Sadik fiye da na Dre. Noel Lee, mai kamfanin Monster Cable. Dre da Iovine ba su san yadda ake ƙera hedifon ba. Monster ce ta yi aikin injiniya, ta ƙera, ta rarraba a shaguna. Amma a takardar da aka sa wa hannu, suna da tambari da zanen kayan duk na Beats ne. A 2011 kamfanin waya na Taiwan, HTC, ya sayi kashi 50.1 cikin ɗari na Beats a kan kimanin dala miliyan 300. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa in mallakar kamfani ta sauya hannu, Beats na iya rabuwa da Monster. Suka rabu a 2012. Daga nan su Dre suka sake saye hannun jarin HTC a 2012 da 2013, kamfanin zuba jari na Carlyle ya shigo da dala miliyan 500, suka buɗe manhajar sauraron waƙa ta Beats Music a Janairun 2014. Wata huɗu bayan nan Apple ta zo. Monster ba ta samu ko sisi daga biliyan 3 ɗin ba. Noel Lee ya kai ƙara a 2015 yana cewa cinikin HTC dabara ce aka shirya don a fitar da shi. Alƙali ya duba takarda ya kori ƙarar a 2016.

Wato yaron da Jerry Heller ya koya wa karatu da bulala, shi ne ya zo ya zauna a ɗaya gefen teburin.

Ɗan Damagaram:
Alhamdu lillahi, Barista ta dawo layina. Kura ta zama gardi.

Injiniya Musa:
Ni kuma abin da ya fi ba ni tausayi ke nan, injiniyoyin ne aka bari a tasha.

Abba Jos:
Amma dai ya zama biloniya na farko a gambara ko? Na ga bidiyon da yake faɗa da bakinsa, shi da mawaƙi Tyrese.

Hajiya Rabi:
Ya faɗa, tun kafin Apple ta sanar ma, wanda ba a yi a ciniki. Amma biliyan 3 ba aljihunsa ta shiga duka ba. Akwai Iovine, akwai Carlyle, akwai Universal, ga haraji. Mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu dala miliyan 620 a wannan shekarar kafin haraji, abin da ba mawaƙin da ya taɓa samu a shekara guda a lokacin. Kambun biloniyan farko kuwa Jay-Z ta ba wa a 2019. Kuma ku lura, ba hedifon kaɗai Apple ta saya ba. Tana ganin mutane sun daina sayen waƙa ɗaiɗai a iTunes sun koma biyan kuɗin wata suna saurare, ga Spotify na cin kasuwa. Beats Music ce aka gina Apple Music a kanta, aka buɗe a Yunin 2015.

Baba Lawal Kaset:
Kuɗin dai bai hana shi ganin rayuwa ba. Ƙaninsa Tyree ya rasu a 1989, lokacin Dre yana tsakiyar yawon wasa da N.W.A. Ɗansa Andre ƙarami ya rasu a 2008 yana ɗan shekara 20. A Janairun 2021 jijiyar jini ta kumbura masa a ƙwaƙwalwa aka kwantar da shi a asibiti, a daidai lokacin da ake shari'ar rabuwarsa da matarsa. Shekara guda bayan nan sai ga shi a tsakiyar filin wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a Inglewood, Fabrairun 2022, zaune gaban farin teburin sauti, Snoop da Eminem da Mary J. Blige da Kendrick da 50 Cent suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na kalla a wayar jikana. Shi kuwa Suge Knight yana gidan yari, an yanke masa shekara 28 a 2018. Death Row ta karye tun 2006, sunan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har Snoop ya saye shi a 2022.

Sadik Mai Kiɗa:
Na gode ƙwarai, Baba da Anti da kowa. Amma ni yanzu ba Apple nake nema ba. Waƙar nan da ke yawo, akwai abin da zan iya yi, ko ta tafi ke nan?

Barista Maryam:
Ba ta tafi ba tukuna. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, sayar da haƙƙi kacokan sai da rubutu. Tunda ba ku rubuta komai ba, zai iya cewa ka ba shi izinin amfani da kiɗan, amma da wuya ya ce ka sallama masa mallakarsa. Kada ka goge komai a kwamfutarka. Fayil ɗin aikin da ranar da ka buɗe shi, saƙonnin da kuka yi, shaidar shigar kuɗin, duk ka adana, ka kwafa a wuri biyu. Kuma kada ka fara da kotu ko da zagi a Facebook. Ka samu babba a harkar wanda yake jin nauyinsa, a zauna, ka nemi abu biyu: sunanka a duk inda waƙar take, da kaso a abin da ke shigowa daga manhajoji. In ya ƙi, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana nan. Daga yau kuma ko ƙaninka ne ya shigo situdiyo, takarda shafi ɗaya kafin ka kunna na'ura.

Sadik Mai Kiɗa:
Matsalar Anti, in na fito da takarda sai su ce na cika son kuɗi, su tafi situdiyon bayan layi inda ake yi musu a 10,000.

Injiniya Musa:
Za su tafi, wasu ma ba za su dawo ba. Wanda ya dawo saboda na bayan layin bai iya zaunar masa da bes ba, shi za ka miƙa wa biro. Turo min kiɗan ta akwati in ji, in gaya maka ko ka kai matsayin da za ka ja aji.

Abba Jos:
Injiniya, tunda kana nan, Beats ɗin da na saya 7,500 a kasuwar waya, kunne ɗaya ya daina yi. Ana gyarawa?

Injiniya Musa:
Abba, wannan ko Dre bai san da shi ba. Kawo shi shago gobe bayan la'asar, waya ce ta tsinke.